Shayin La'asar da Aljihun Rigar Aro

Ko da zan manta da duk abin da na karanta a Alƙahira (kuma wallahi nahawu ya fara guduwa), ba zan taɓa mantawa da ranar da mahaifin Mariyama ya gayyace ni shan shayi a otal ba. Har yau in na ga an shafa jan jam a burodi sai gabana ya faɗi.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina zaune a unguwar Darrasa, ɗaki ɗaya da abokina Bashir, mutumin Gusau. Ita Mariyama 'yar Maraɗi ce, tana karatun haɗa magunguna a Giza. Mun daɗe muna tare, magana ta kai kunnen manya, sai babanta ya ce kafin a turo kowa daga gidanmu yana son ya gan ni da idonsa. Ɗan kasuwa ne, yana zuwa Masar sarin darduma da labule, ya yi shekara da shekaru yana hulɗa da Larabawa. Ya sauka a wani otal na bakin Kogin Nilu, irin waɗanda in mun wuce a mota muke leƙe ta taga kawai. Saƙon da ya aiko gajere ne: in zo da la'asar mu sha shayi. Ni kuwa na san aurena ne a cikin wannan kofin shayin, in ya yi daɗi a yi, in bai yi ba shi ke nan.

Tun da safe na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗauki littafi na ajiye, na goge takalmi na sake gogewa. Da na miƙa hannu zan ɗauki gurasa da ful, dafaffen waken da muka rayu a kansa, sai Bashir ya janye kwanon.

"Kai, ka san abin da masu kuɗi ke kira shayi kuwa?" ya ce. "Na gani a waya. Faranti ne hawa-hawa kamar bene. Za ka je ka cika cikinka da wake, ka isa can ka zauna kana kallo? Bar wuri, malam."

Na bar wuri. Ban karya ba, ban ci na rana ba. Bashir ya ciro babbar rigarsa ta sallah, farar shadda ƙal, ya ara mini, amma da sharaɗi. Ya zura hannu a aljihun ƙirji har wuyan hannu ya ɓace, ya ce, "Ka ga wannan? Tela ya san abin da yake yi. Kada ka dawo mini ba tsaraba." Na yi dariya na ce Allah ya kiyaye, ni da zan je gaban suruki. (Ku riƙe wannan "Allah ya kiyaye" ɗin, za mu dawo kanta.)

Ina cikin ƙaramar bas, mun maƙale a cunkoson kan gada, direba na ta danna hon yana ihun "yalla", wato a yi gaba, sai wayata ta yi ƙara. Mariyama ce.

"Malam, na manta ban faɗa maka ba. Baba mutumin da ne, yana lura da kunya sosai. Wani da ya zo neman yayata, an kawo abinci ya zauna ya share kwano a gabansa. Daga ranar magana ta mutu. Don Allah kada ka zubar mini da mutunci."

Na ce mata "tamam", wato na ji. Sai a lokacin abin da kowane yaron Bahaushe ya sani ya dawo mini: ba a ci a gaban suruki. Ni ɗan Zariya, na tashi ina ganin mijin yayata yana zuwa gidanmu a kai masa abinci zaure a rufe masa ƙofa, amma Bashir da hoton farantinsa sun shafe mini wannan kaf. Na leƙa ko zan ga mai sayar da gurasa a bakin hanya. A kan gada muke, babu komai sai ruwa.

Na isa otal ina gumi. Na hango Alhaji, baban Mariyama, a wani babban falo mai gilashi har ƙasa, dogon dattijo da tabarau, cikin shadda ruwan madara. Ina zuwa bakin kafet na fara cire takalmi, wani ma'aikaci ya yi sauri ya ce ba sai na cire ba. Na mayar da ƙafa ɗaya, na ƙarasa na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, Turawan teburin gefe suna kallona kamar na yar da wani abu ina nema. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Tashi, Malam, zamna bisa kujera." Na zauna a ɗan bakinta, hannuwa a cinya, ido a ƙasa.

Aka kawo shayi a butar azurfa, da wani ɗan agogon yashi wai sai ya gama zuba kafin a tsiyaya. Sannan aka kawo benen da Bashir ya faɗa. Jama'a, Bashir bai yi ƙarya ba. A ƙasa yankakken burodi ne an cire masa ɓawo, kowanne tsawon yatsa, da kifi da ƙwai da kokwamba a tsakani. A tsakiya wasu dunƙulallun burodi masu ɗumi an lulluɓe su da farin ƙyalle, ga kirim mai kauri da jan jam a ƙananan kwanoni. A sama kuwa kek ne kala-kala, wani da jan ɗan itace a kansa yana ƙyalli. Ƙamshin ya doki hancina, yawu ya cika mini baki.

"Bismillah, Malam."

"Alhamdulillahi, Baba, na ƙoshi."

Ya sake tayi, na sake cewa na ƙoshi. Shi kuwa ya raba dunƙulen burodin nan biyu, ya shafa kirim, ya ɗora jam, ya ci a natse yana mini tambayoyi. Su waye iyayena, me zan yi in na gama, mene ne hukuncin ƙasaru ga matafiyin da bai san ranar komawarsa ba. Na amsa abin da Allah ya sawwaƙe, amma rabin hankalina yana hawa na biyu.  Shayin ma leɓe kawai nake jiƙawa da shi, don ban tabbata ko kunya ta yarda da sha ba.

Akwai wani mutum yana kaɗa fiyano a can gefe, ina ta yi masa addu'ar kada ya gaji. Ya gaji. Daidai inda ya ɗaga hannu falon ya yi tsit, cikina ya saki wani dogon kuka mai hawa da sauka. Na yi tari don in rufe, amma tarin ya makara. Alhaji ya gyara tabarau, ya kalli kogi kamar can ƙarar ta fito.

Jim kaɗan ya ce, "Ka yi la'asar?" Na ce na yi kafin in shigo. Ya ce shi bai yi ba, bari ya hau ɗaki. Na gan shi ya tsaya ya yi wa mai kawo mana shayi raɗa, sannan ya shige lif.

Ƙofar lif na rufewa na manta da Zariya da tarbiyyarta. Na fara da na ƙasa, biyu-biyu nake turawa. Na haura tsakiya, na cusa dunƙulen burodin nan gaba ɗaya ba kirim ba jam, ya tsaya mini a maƙoshi, na kora da shayi mai zafi har hawaye ya fito. Ina ci ina waige. Duk ƙarar da lif ya yi sai in daskare da kumatu a cike, in ga wata Baturiya ce ko wani Balarabe, in ci gaba. Da na ɗan dawo hayyacina na ga na yi wa benen ɓarna, sai na shiga baza abin da ya rage kamar mai tumatir da yamma, wai don kada a ga giɓi.

Da a nan na tsaya, da ba ku ji labarin nan ba. Amma ciki na cika sai zumunci ya motsa, na tuna Bashir yana can ɗaki da kwanon wake. Na ce a raina ai ba komai, mutum ya ara maka riga. Na raba dunƙule ɗaya, na labta masa kirim da jam yadda na ga Alhaji ya yi (har na ƙara, don Bashir ba ya son rowa), na haɗa da kek ɗin nan mai jan ɗan itace, na naɗe a takardar goge baki, na zura a aljihun ƙirji. Aljihun ya haɗiye su lafiya lau. Hausawa sun ce in da kwaɗayi da wulaƙanci, ni kuwa a lokacin gani nake dabara na yi.

Alhaji ya daɗe bai sauko ba, har na fara tunanin ko barci ya ɗauke shi. Da ya dawo ya kalli farantin sau ɗaya, ya zauna. Muka ɗan ƙara hira, ni ina zaune a sandare don kada ƙirjina ya taɓa tebur. Can ya cire tabarau ya ce, "Malam, na gan ka, na ji ka. Ɗiyata ba ta yi zaɓen banza ba. Ka hwaɗa ma magabatanka su taho Maraɗi."

Daɗi ya kashe ni. Na zame zan durƙusa in yi godiya, sai ya miƙe ya kamo kafaɗuna ya ɗaga ni. Abin da ban lissafa ba shi ne, dattijon nan ya daɗe cikin Larabawa ya ɗauki gaisuwarsu. Kafin in ankara ya jawo ni ya rungume ƙirji da ƙirji, ya bubbuga bayana da ƙarfinsa na mai ɗaga darduma, dama da hagu. Na ji wani abu ya ce "fat" a tsakaninmu, sannan sanyi ya fara bin cikina.

Da ya sake ni, farar shaddar Bashir ta yi jawur daidai saitin zuciya, tasa ruwan madarar ma ta samu rabonta.

"Subhanallahi! Jini! Mi ya same ka, ɗana?" Ya riƙe ni yana ɗaga hannu yana kiran a nemo likita. Mai fiyano ya tsaya, Turawa suka miƙe. Ni kuwa so nake kawai ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya kai hannu zai duba raunin, ya zura yatsu a aljihu, ya fito da su da kirim. Ya kalla, ya shinshina. Sai jan ɗan itacen nan ya zame daga takardar da ta biyo hannunsa, ya faɗi, ya gangara ya tsaya a gaban takalminsa.

A daidai wannan lokacin mai shayi ya iso da wani kyakkyawan kwali an ɗaure shi da zare mai ruwan zinariya, ya ajiye a gabana cikin ladabi, ya ce wannan nawa ne, Alhaji ya sa a haɗa mini sabo in tafi da shi gida.

Na ce a raina khalas, shi ke nan, aure ya mutu, na bi sahun mai neman yayarta. Alhaji ya kalli kwali, ya kalli ƙirjina, ya kalli nasa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya koma kujera ya zauna yana dariya har da share hawaye.

"Malam," ya ce da ya samu numfashi, "ni da na ja salla, na ja lazimi, na zamna ina kallon bango, duk don ka samu ka ci? Mu ma mun yi surukuta, mun san yunwar wanga zama. Ashe kai har da guzuri."

Na buɗe baki na ce, "Baba, na Bashir ne." Wallahi ban san abin da ya sa na ga wannan amsar za ta taimaka ba.

Haka na fito daga otal ɗin nan na rungume kwali a ƙirji ina ɓoye tabo, na shiga bas mutane na ce mini "ma'alish", wato sannu, suna tambaya ko hatsari na yi. Bashir ya karɓi kwali da murna, ya ga rigarsa ya yi salati. Jam ɗin bai fita ba har yau, kuma dama an ce kayan aro ba ya rufe katara. Ina zaune ina jiran hukunci Mariyama ta kira, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta iya faɗa mini abin da babanta ya ce: wanda yana cikin yunwa da kunya bai manta da abokinsa ba, ba zai bar masa ɗiya da yunwa ba. Amma, in ji shi, a saya mini jaka.

An ɗaura aure, yanzu har da 'ya'ya. Duk da haka in na je Maraɗi gaisuwa, Alhaji ba ya rungumata sai ya fara dafa aljihuna ya ji, a gaban kowa, sannan ya ce "Bismillah." Ni dai abin da na koya shi ne, in za ka gaban suruki ka cika cikinka da wake tun daga gida, domin kunyar mai yunwa ba ta wuce ƙofar lif. In kuma abokinka ya ce ka kawo masa tsaraba, ka kawo masa labari.