Rasuwar Dunƙulalliya, Ƙwallon Ajin Tsofaffi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai yoyo, mu tsofaffin ajin koyon Turanci muke sanar da rasuwar ƙwallonmu ta tsumma, Dunƙulalliya, a madadin Malamarmu, wadda har yanzu ba ta buɗe baki sai ta kai gefen mayafi ido.

An haifi marigayiya daga tsofaffin safunan mijin Malama, ta ƙare rayuwarta tana shawagi daga benci zuwa benci. Aikinta ɗaya ne: Malama ta ɗaga cokali ko takalmi, ta wurgo ta, duk wadda ta dira a cinyarta ita za ta faɗi sunan abin da Turanci. Ba ta taɓa fasa tabarau ɗin kowa ba, in ban da na mai kitson cikinmu, wanda dama da zare aka ɗaure shi. Har gobe kunnuwanmu na jin "tif!" ɗinta a ƙirjin mai gyangyaɗi.

Ga wanda bai sani ba, Malama yarinya ce, sa'ar 'ya'yanmu. Ba ta nuna babba da yatsa, ba ta kiran sunanmu gatsal. Ga kuma surukarta, uwar mijinta, a hakimce a bencin gaba, ko ido ba sa haɗawa. Marigayiya ce mara kunyar ajin. Ita kaɗai ke iya faɗawa jikin suruka ta nemi sunan tukunya, Malama kuwa ta tsura wa rufi ido kamar iska ce ta kai ta.

Ciwon ajali ya fara da ɗan zare a gefe. Ba gulma ba, amma an lura duk ranar da ta ziyarci bencin gaba, a rame take dawowa. Mai ɗinkin cikinmu ta yi mata aiki har ta gaji, ta ce wannan ba tsufa ba ne, farce ne. Ranar ƙarshe aka ɗaga tsintsiya, marigayiya ta sauka inda ta saba. Aka jira amsa, aka jira, suruka na ta juya ta a cinya. Da aka miƙo ta, safa-safa ta dawo, a ninke tsaf. Ni dai ban ga komai ba, zama kawai ya haɗa mu.

Tun daga ranar, allo Malama ke yi wa tambaya, shi kuwa bai taɓa amsawa ba. Jiya ta ce in haka za a ci gaba, gara a rufe ajin. To in aka rufe, a ina za mu riƙa jin wadda ta yi yaji da wadda ta dawo?

Ta rasu ta bar guntun alli, da tsumman goge allo wanda uwarsu ɗaya, da tsofaffi masu yawa da ba su kai ga sunan tsintsiya ba.

Za a yi jana'iza gobe bayan darasi, a bayan aji, ƙarƙashin taga. Masu zuwa ta'aziyya kada su zo da hawaye kawai, su riƙo tsohuwar safa, wankakkiya don Allah. Mai ɗinki ta ɗauki alkawarin haɗa magajiya, za ta kuma suturta ta da tamfol, irin wanda farce ba ya ci.

Mun so suruka ta ja mana addu'a, kasancewar a hannunta aka cika. Sai dai ba za ta samu halarta ba. Tana jin zancen tamfol ta zura takalmi, ta fice, ta bugo ƙofa har allo ya karkace.