Duban Haƙora a Makarantar Gindin Kirya

A wani daji aka yi wata zabuwa, Ladidi, mai 'yan tsaki, wadda kiwo ke kai ta nesa, dole ta riƙa barin su a makarantar ƙanana da ke gindin kirya. Majalisar dajin tana da doka: duk mai son rainon yara sai ya buɗe baki Bushiya ta duba. In da haƙori, a sallame shi. Da haka aka kori Kura, aka kuma kori tsohuwar Tunkiya wadda ta raini rabin dajin.

Rannan sai ga baƙuwa, Shirwa, da tattausar murya. Ta buɗe baki, Bushiya ta leƙa ta ce, "Fes! Ko ɗaya babu."

Ladidi ta ce wa Gwanki, shugaban majalisa, "Ranka ya daɗe, an duba bakinta. Wa ya duba inda ta fito?"

Gwanki ya ce, "Haba Ladidi! Baƙon da ya sha ruwanka ba a tambayarsa asali. Ga shi kajin ƙetaren rafi sun aiko da yabonta."

Kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa. Ladidi ta damƙa wa Tunkiya 'yan tsakinta, ta ƙetare rafi. Kajin can suka tarbe ta da murna.

"Malama Shirwa? Kai, ba ta da na biyu! Ku riƙe ta da kyau, don Allah kada ku bari ta dawo."

Ladidi ta duba gindin bishiyoyi ta ce, "To Yaya, ina yaran da ta raina? In gan su mana."

Babbar cikinsu ta sunkuyar da kai, ta kama tonon ƙasa inda babu tsaba.

Ladidi ta dawo ta tsaya gaban majalisa. "Ranka ya daɗe, na je na gani. Wanda yake neman rabuwa da kaya shi ke yabonsu a kasuwa. Kun duba abin da ba ta da shi, kun bar abin da take tsaye a kai. Ku dubi ƙafarta! Hali zanen dutse ne, kuma ba a bakin mai shi ake jin sa ba. Kunyar baƙo ba ta kai ran ɗana ba."

Gwanki ya yi gyaran murya ya ce maganar Ladidi ta shige su ƙwarai, saboda haka daga yau Bushiya za ta riƙa leƙa baki sau biyu.

Ladidi ta juya ta tafi abinta. Ta bar 'ya'yanta wurin Tunkiya mai haƙora, iyaye kaɗan suka bi ta, yaran suka girma har suka yi fiffike. Makarantar gindin kirya kuwa, majalisa na alfahari da ita har gobe, don ita kaɗai ce ba a taɓa kuka da cunkoson yara a cikinta ba.