Ranar da ƙofar gidana ta yi magana da muryata

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da kuwa na so in manta. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, ni da duk unguwarmu ta Kurmin Sarki aka san ba na shakkar faɗa wa mutum gaskiyarsa, ko a gidan suna ne.

Bari in fara da kaina. Ban taka aji ba sai da na haura arba'in. Bayan rasuwar maigidana na shiga ajin manya na yamma, in rufe rumfar hatsina in je in zauna a benci da matan da na girma. Ranar da na karanta takardar asibiti da kaina na yi wa kaina alkawari: duk abin da ɗan Adam ya rubuta ko ya ƙera, ba mai sake ce min "kawo a yi miki."

Ina da 'ya ta fari, tana aiki a Abuja, kullum ta je ta dawo gida. 'Yar Abuja nake ce mata. Wanda ya san al'ada ya sani, uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta yabonta a gaban mutane. Shekara ashirin da tara sunanta bai fita daga bakina ba. In an ce min ta yi ƙoƙari, sai in taɓe baki in ce, "Can dai."

Ita ce ta haɗa gidan da waya. Da aka sa mana sola, ta zo da masu aiki suka kafa waifai na intanet, suka canza ƙwayayen fitila zuwa waɗanda ake kunnawa daga kan gado, suka sa wa injin ruwa abin da ke kashe shi in tanki ya cika. A ƙofar gida kuma suka maƙala wani ɗan akwati mai ido. Duk wanda ya tsaya a waje zan gan shi a wayata, in ji muryarsa, in na ga dama in danna sakata ta buɗe.

"Mama, wannan somin-taɓi ne," in ji ta. "Nan gaba firji ne zai gaya miki tumatir ya ƙare."

"Firjin da ya sa min baki a girki, ranar zai koma shagon da ya fito," na ce.

Amma a zuciyata abin ya burge ni. Na ɗauko littafina na ajin manya na rubuta komai. Hoton ƙwai, fitila. Hoton ɗigo, injin ruwa. Kore, buɗe ƙofa. Akwai wani maɓalli ɗaya mai kama da taɓarya a tsaye, ta ce, "Wannan na magana ne, ki bar shi tukuna sai na zo na koya miki." Kalmar "tukuna" ɗin nan ta tsaya min a wuya (ni da na haife ta).

Ana nan sai miji ya fito mata, wani Bakatsine mai natsuwa da ke haya a unguwar Kwamba, shi ma kullum yana bin motar Abuja. Maza sun gama nasu, saura gwaggonsa da ta raine shi ta zo ganin gida. Kafin ta zo magana ta riga ta iso kunnena, wai ta tambaya, "Uwar yarinyar ta yi boko kuwa?" Wadda ta kawo min gulmar ba ta ƙarasa ba na ji kaina ya ɗau zafi.

'Yar Abuja ta durƙusa a gabana. "Mama, yini ɗaya kacal nake roƙo. Ki riƙe bakinki. Matar nan in ta ce a'a, ba ya ƙetare maganarta."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Dama uwar 'yar fari ba ta fitowa a irin wannan rana. Ƙanwata Lami ce za ta tarbi baƙi, ita yarinyar ta tafi gidan kawunta, ni kuma in ɓuya a kicin. Wa zan yi wa magana a kicin, tukunya?

Ranar ta zo. Muna kicin ni da Maman Ebuka, maƙwabciyata da ke haya a gidan da ke jikin namu, shekara goma sha muna aron turmi da gishiri. Tana juya waina, ni na jingina waya da kwanon barkono ina gadin ƙofa. Lami ta shiga sallar azahar.

Sai ga mota ta tsaya. Mata uku suka fito, ta tsakiyar doguwa ce, ta sha leshi da gilashin ido. Ta matso kusa da akwatin ta ce, "Salamu alaikum."

To ku gaya min. Musulma ta yi sallama a ƙofarka, ka ji ta da kunnenka, kana iya yin shiru? Ni dai ba a raine ni haka ba. Hannuna ya kai kan taɓaryar nan kafin hankalina ya iso. Na danna, na sassauta murya na ce, "Wa alaikumus salam, ana zuwa."

Na ɗauke yatsa, sai na ga maɓallin ya koma ja. Na ce madalla. A danjar titi ja tsayawa ne, in za ka kashe kira ja kake dannawa. Ja dai ai an rufe ke nan. Har na ji wani daɗi, na kalli Maman Ebuka na ce, "Kin ga abin da aka ce sai an koya min?"

"Buɗe musu mana, Hajiya," ta ce da Hausarta mai ɗan tauri. "Rana yana zafi."

"Bar su su ɗan sha ta. Su san gidan da masu shi."

Ta kwashe da dariya, ni kuwa dama wuri nake nema.

"Zo ki ga," na ce. "Waccan mai gilashin kamar za ta yi waldar ƙarfe, ita ce ta tambaya ko na yi boko. Ta zo duba mu kamar mai sayen akuya. Ke, kujerun naki da muka jera a falo, kin goge sunan cocinku da ke bayansu?"

"Na rufe da zani."

"Yauwa. Kar ta juya ta ga na aro ne."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma baki in ya samu gangara ba ya jin birki. Na ajiye ludayi na gyara zama.

"Wai ni za a tambaya boko. Ta je ta tambayi wa ya yi tallan hatsi a rana har yarinyar nan ta gama jami'a. Maman Ebuka, wallahi duk Katsina su tara 'ya'yansu ba su da kamar Zainabu. (To, ga shi na rubuta, ai ƙofa ta riga ni shela.) Zainabuna da take tashi da asuba ta bi motar Abuja, ta dawo a gajiye ta zauna tana duba min aikin gida na ajin manya, ba ta taɓa yi min dariya ba ko sau ɗaya. In suka ɗauke min ita ban san da wa zan..."

Na kai gefen zani ido, na ce hayaƙi ne (a kan gas muke girki).

Sai waya ta yi gyaran murya.

"Hajiya," muryar mai gilashi ta fito tar daga jikin kwanon barkono, "muna jinki. Ki ƙarasa a hankali, ba sauri muke ba."

Wainar da ke hannun Maman Ebuka ta faɗi ƙasa. Na duba waya da kyau. Bayan matan uku ga masu keke Napep biyu sun kashe inji sun jingina, ga mai shagon katin waya ya leƙo har wuya. Ashe ja ɗin nan nufinsa maganata tana fita waje. Tun daga "bar su su sha rana" har zuwa hawayen gas, duk titi ya sha labari.

Abin da ya fara zuwa min shi ne in haura katanga ta baya in bi hanyar Kaduna. Sai fuskar yarinyar nan a durƙushe ta faɗo min. Yini ɗaya ta roƙa, ban kai mata ko la'asar ba. Na ce wa kaina, ke kika kwance, ke za ki ɗaure. Na danna kore (wannan dai na san shi, yana cikin littafi), na yafa mayafi na fita tsakar gida da ƙafata, na bar kunyar 'yar fari a kicin.

Na durƙusa na gaishe su, na kai su falo. Gwaggon ta ɗaga zanin da ke bayan kujera, ta leƙa, ta mayar, ta zauna. Lami ta shigo da carbi a hannu tana washe baki, ba ta san an yi ruwa an ɗauke ba.

"Hajiya," na ce, "tsayar da ku a rana laifina ne, ku yafe min. Maganar gilashi ma ban kyauta ba. Kujeru na aro ne, kun gani. Abin da na faɗa a kan yarinyar kuwa ba zan janye ko kalma ɗaya ba. In akwai hukunci, a kaina ya tsaya, ita ba ruwanta."

Gwaggon ta ɗauki kofin kunun ayan da Lami ta kawo ta sha, ta sake sha. Ban taɓa ganin kofi mai zurfin wannan ba. Sannan ta cire gilashin ta ajiye a cinya.

"Kin san abin da ya sa na tambayi bokonki?" ta ce. "Ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Tsoro nake kar yaron nan ya shiga gidan da za a riƙa yi min kallon baƙauya. Na kwana uku ina shirya yadda zan zauna a gabanki. Gilashin ma na jikata ne."

Ɗaya daga cikin matan ta fashe da dariya, sai duk falon ya ɗauka.

"Na zo ganin gida," ta ce, "na gan shi tun daga waje, ciki da bai. Yarinyar da uwarta ta manta kunya a kanta, ba sai na yi wani bincike ba. Ku gaya wa maza su sa rana."

Na ɗauka an gama. Bayan la'asar 'Yar Abuja ta dawo, ta tsaya a bakin kicin tana juya wayarta. Ashe akwatin yana ajiye duk abin da ya ji, ya kuma aika mata.

"Mama," ta ce, idonta ya yi ja, "sau uku na saurara. Ashe kin san sunana?"

"Wuce ki ɗauraye kwanukan nan."

Ta yi murmushi, ta ce ko dai a cire maɓallin maganar daga wayata don a huta. Na ce wanda ya taɓa min shi sai mun kwashi 'yan kallo. Na ɗauko littafi na sa ta zauna, ba ta tashi ba sai da na iya shi ciki da waje. Na rubuta da manyan baƙaƙe: JA, ANA JINKI.

Da aka zo biki, gwaggon ta ja ni gefe ta tambaye ni ko ajin manya na karɓar mai shekara sittin. Na ce in ta iya tsayuwar rana a ƙofata, benci ba zai gagare ta ba.

Iyayenmu sun ce bango yana da kunne. Na zamanin nan har baki gare shi, ga riƙo, ga kai rahoto. An ce gaba har firji da tukunya za su shiga layi, kuma ina nan ina jiransu da littafina, ba wanda zai kore ni daga gidana. Sallama dai ba zan fasa amsawa ba. Sai dai yanzu kafin in yi gulma nakan duba waya, in duba fitila, in harari injin ruwa, sannan in ja Maman Ebuka mu koma gidanta, inda har yau ƙofar katako ce da kwaɗo.