Neman Sabis Ranar Jana'izar Baba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da muka rufe Baba a Tursa ba. Na ce "muka", amma ku bi ni a hankali.

Lokacin ina aiki a Rabah, ina kuma ji da kaina a Fesbuk. Abokai dubbai, guruf na Wasaf kuwa ba a magana: na ofis, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan siyasa. Ƙarƙashin hotona har "Mai Jama'a" na rubuta (ni na raɗa wa kaina, ba wanda ya sa ni).

Da ƙanena ya kira da safe ya ce Baba ya cika, sai da na sa sanarwa kafin in hau babur. Wallahi hawaye bai zo ba na riga na zaɓi hoto.

Na iske an yi wanka, ana ɗinkin likkafani. Na ja Bappa Sani, ƙanen Baba, gefe na ce a ɗan jinkirta, manyan mutanena na tafe daga Sakkwato da Wurno.

"Gawa ba ta jiran baƙo, ɗana," in ji shi. "Ana sallame azahar za mu sallace shi."

A garinmu ba a samun sabis sai an hau tudun bayan firamare. Can na nufa, wai in yi wa baƙi kwatance. Ina hawa saƙonni suka yi ta zubowa. "Allah ya jiƙan Baba." Hoton hannuwa biyu. Hoton fuska mai kuka. Na tsaya ina rabon "amin" ɗaya bayan ɗaya, har da duba wa ya yi, wa bai yi ba. Masu cewa suna hanya kuwa, wannan taro ya riƙe shi, wancan ya ce hanya ba lafiya (gaskiyarsa, ni ma da addu'a na biyo ta).

Ɗago kan da zan yi, sai na hango makara a kafaɗun mutane ta nufi maƙabarta. An yi sallah! Manoman da nake wucewa a babur ba gaisuwa, su ne ɗauke da ubana. Na ruga kamar mahaukaci, na iske ana mayar da ƙasa.

Bappa bai ɗaga murya ba. Ya dube ni, ya leƙa bayana, ba kowa.

"Mun yi ta cigiyar babban ɗa, anka ce ka hau tudu neman jama'a. To mi sunka aiko ma tsoho?"

"Addu'a, Bappa."

"Madalla. Sallar dai ta wuce ka."

Na so ƙasar nan ta haɗa da ni. Har yau abin na ci na, kuma ba gyara. Abokin waya zai yi maka addu'a sau dubu yana kwance a ɗakinsa, amma makara kafaɗa take nema. Ranar nan ko tawa ba ta samu ba.