Awon Ƙugu a Gajimare

"Ni da kuke gani, ko aljani bai isa ya buɗe abin da na kulle ba!"

Haka Injiniya yake faɗa yana dukan ƙirji. Kada ka tambaye ni wa ya ba shi injiniyancin, abokina. Shi ya raɗa wa kansa ranar da ya canja wa rimot batir ya kama.

Matarsa tela ce. Tana da wani tsohon littafi da take rubuta awon kwastomominta: ƙirji, ƙugu, hannu, har da 'yan bayanan da take yi wa kanta a gefe. A akwatin keken ɗinki take kulle shi, don ta san ranar da awon mace ɗaya ya fita, ranar shagonta ya mutu.

"Maman yara, wannan ai ƙauyanci ne," in ji Injiniya. "Kawo in ɗora miki shi a gajimare."

"Wane gajimaren kuma?"

"Ma'ajiyar intanet mana! Ba ɓera, ba gobara, ba ɗan leƙe."

"Baban yara, ka rufa mini asiri."

"Asirin ai shi zan rufa!"

Gogan naka ya ɗauki hoton littafin shafi-shafi ya ɗora. Ya ƙirƙiro lambar sirri mai tsawon igiyar shanya, ya ƙi rubuta ta ko'ina, wai kansa kwamfuta ne. Da matar ta ce ita fa ba za ta iya haddace wannan jidali ba, sai ya latsa wani wuri mai cewa duk mai linki ya buɗe, ya tura mata. Aiki ya yi kyau!

To, ka san mai baki. Cika bakin ya ci gaba da yi masa ƙaiƙayi, har ya ɗauki wayarta ya jefa linkin a guruf ɗin kwastomomi, ya rubuta: "Awonku na gajimare. Wadda ta isa ta buɗe mu gani!"

Suka kuwa buɗe. Su tamanin da uku.

Kafin ya gama shan shayi shago ya cika maƙil. Malamar makaranta ce a gaba, tana huci.

"Ni ce nake riƙe numfashi in ana auna ni? Ni?"

Matar mai gidan haya ta ture ta. "Ke taki mai sauƙi ce! Ni an rubuta, 'Tana cewa talatin da takwas, a yanka hamsin.' Kuma surukata ta karanta!"

Tela ta zauna daɓas a kan buhun ƙyallaye, hawaye shaɓe-shaɓe. Wallahi ta ba ni tausayi.

"Ku kwantar da hankalinku!" in ji Injiniya. "Yanzu zan rufe shi, minti ɗaya!"

Ya buga lambar sirri, aka ce ba ita ba ce. Ya sake, gumi ya keto. A karo na biyar gajimare ya ce masa shi ɓarawo ne, ya dawo bayan kwana bakwai.

Matarsa ta share fuska da gefen mayafi. "Baban yara, yanzu duk garin nan wane ne ba zai iya buɗe littafina ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni."

Sai yayarsa, wadda ita ma kwastoma ce, ta miƙo masa wayarta.

"Ungo, Injiniya, leƙa a tawa. Kana shafi na tara. An ce wandonka roba ake sa masa a ɓoye, kada ka sani."