Gorar da Ta Mutu Sanye da Rigar Filas

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, da kuma hanci wanda har yau bai dawo daidai ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar gorata ta dare. Ta bar duniya ranar Lahadin makon jiya da misalin ƙarfe ɗaya na rana, a gefen titi, ƙarƙashin tayar mota ta baya, bayan gajeruwar rashin lafiya da doguwar rashin mutunci. Kwananta biyar a hannuna. Ba zan ɓata kalmomin addu'a a kanta ba, ba ta kai nan ba.

Wanda bai san marigayiyar ba ya yi sa'a. Gorar roba ce, shuɗiya, mai faɗin baki da murfin murɗawa, irin wadda masu kwana a tanti ke ajiyewa wajen ƙafafunsu don kada fitsari ya fitar da su cikin duhu. Abu uku kacal aka nema a wajenta: ta karɓa, ta riƙe, ta yi shiru. Na farkon kawai ta iya.

Ga yadda ƙaddara ta haɗa mu. Akwai wata malamar lissafi da nake nema da aure, wadda na rubuta wa wasiƙu arba'in da ɗaya, ta amsa shida, kowace da gyaran kuskure a gefe. Mahaifinta, wanda duk muke ce wa Baba, tsohon ma'aikacin awon ƙasa ne, ya yi shekara talatin yana kwana a daji. Duk shekara yakan kwashi iyalinsa su kafa tantuna bakin wani tafki, su yi kwana uku. Bana ya ce a zo da ni. Bai ba ni amsa kan 'yarsa ba tukuna, saboda haka kowa ya san ba yawon shan iska aka gayyace ni ba.

Ya tambaye ni ko na taɓa kwana a tanti. Na ce sau ba adadi. A wani fannin ban yi ƙarya ba: na hau duwatsun ƙanƙara, na ƙetare hamada, na kwana a tsibirai, duk a cikin littattafai, ina kwance kan gadona, taku huɗu daga banɗaki. A zahiri kuwa ko igiya na gani a ƙasa sai na daka tsalle. A ɗaya daga cikin littattafan ne na karanta cewa jarumawan hawan dutse gora suke ajiyewa. Na ce to, ga mafita irin ta manya.

Mai shagon kayan tafiya ya ɗaga ta sama kamar kofin gasa. "Wannan, maigida, ko daga kan bene ka wurgo ta, ɗigo ɗaya ba za ta zubar ba." Ina miƙa ta'aziyya ta musamman ga harshen wannan bawan Allah.

Sai da na kawo ta gida na gane halinta. Kallo ɗaya za ka yi mata ka san sana'arta. Ta yaya zan fito da wannan abu kowace safiya a gaban mutumin da nake so ya kira ni suruki? A nan ne idona ya faɗa kan filas ɗin shayina, yana sanye da rigar ulu ja da fari wadda malamar ta saƙa masa da hannunta, da harafin farko na sunana a gaba. Na tuɓe wa filas, na sa wa gora. Ta zauna mata ɗas kamar an gwada. Har na yaba wa basirata.

Al'ada ce a faɗi halayen mamaci na kirki, don haka na bincika na samo biyu. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, kuma ba ta taɓa tambayar ƙarfe nawa ba. Shi ke nan. Muryarta kuwa, Allah ya kiyashe ku. Duk tafkin ya yi tsit, ko kwaɗi sun yi barci, sai ta ɗauka: ƙurururu, kamar ana cika tankin ruwa. Nakan rufe ta da tari. Washegarin daren farko Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, tarin nan naka na dare mai tsawo ne. Ka nemi magani."

Da safe nakan maƙale ta a hammata in nufi bayan itatuwa, ina tafiya a hankali, ina kallon ruwa kamar mai neman baitin waƙa. Gwaggon malamar, ƙanwar Baba, takan ɗaga murya daga bakin murhu: "Angon gobe, kai kaɗai kake shan shayinka? Rowa tun ba a shiga gida ba?" Ita kuma malamar, ganin saƙarta a jikina, sai ta yi murmushin da na yi wata takwas ina nema.

"Ashe kana son ta haka?"

Na ce, "Wallahi ba na iya barci sai tana kusa da ni."

A duk tafiyar nan, ita ce gaskiya ɗaya da na faɗa.

Ciwon ajali ya kama marigayiyar a safiyar ƙarshe. Na fito da ita cike, sai ga Baba riƙe da guduma. "Ajiye shayin nan, zo ka kama mini igiya." Na ɗora ta kan dutse. Muka tuge turaku, muka naɗe tantuna uku, ya sa na sake naɗe nawa sau biyu. Da na waiwaya, dutse wayam. Gwaggo, mai tausayi, ta ga filas ɗin ango a rana, ta kwantar da shi cikin kwandon abinci, ta ɗora bargonta a kai, aka rufe bayan mota.

Awa uku muna kan hanya mai gargada, rana na dukan ƙarfe. Ina kujerar baya kusa da malamar, ina jin marigayiyar tana magana ta bayan kunnena: caɓal, caɓal, caɓal. Na karanta labaran fursunonin da ke jiran hukunci, amma babu marubucin da ya kwatanta abin da kyau. Can muka faɗa wani rami, sai na ji fus. Murfin da aka rantse mini a kansa ya saki.

Gwaggo ce ta fara shaƙa. "Yaya, tsaya. Wani abu ya mutu a motar nan."

Baba ya tsaya, muka firfito, ya buɗe baya. Burodi ya sha, sukari ya narke, bargon Gwaggo ya tafi ke nan. Ya ciro marigayiyar da yatsa biyu, tana ɗiga, harafin sunana yana kallon kowa. Ya zagaya, ya laluba ƙarƙashin kujerarsa, ya fito da wani tsohon gwangwanin fenti mai murfi, wankakke tas, ya ajiye a gabana.

"Shekara talatin muna tare da wannan. Gwaggonka tana da nata, 'yar nan tana da nata. Kullum da sassafe muke zuwa mu zubar, kai kana can kana yi wa tafki kallon soyayya. Ban taɓa sa masa riga ba." Ya gyara tabarau. "Kai da ke ɓoye naka, ranar da jariri ya jiƙa maka kaya, gudu za ka yi?"

Da a nan aka tsaya, da na rayu. Amma malamar ta matso, ta sa hannu ta zare rigar daga jikin gorar, ta jefa a leda ta ƙulle.

"Wata biyu, malam," ta ce. "Sau uku ina warwarewa don harafin bai fita ba." Sai ta kwantar da gorar bayan taya, ta miƙe. "Baba, ɗan yi baya."

Ɓaras. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ke nan, kuma ita kaɗai ce ta faɗa a lokacin da ya dace.

Marigayiyar ta bar filas guda, tsirara, wanda har yanzu ba na iya haɗa ido da shi. Ta bar murfi, wanda aka tsinta lafiya lau kamar ba shi ya ja ba. Ta bar 'yan uwa goma sha biyu jere a kantar mai shago, suna jiran wani mai yawan karatu. Ta kuma bar ni, da wayar da ta yi kwana takwas ba ta yi ƙara ba.

Jiya da yamma aka aiko mini da ƙunshi. A ciki akwai dunƙulen zaren ulu biyu, ja da fari, an warware, an wanke, suna ƙamshin sabulu, da kwarashin saƙa, da takarda da jan biro: "Ka mayar da ita yadda take, da hannunka, har da harafin. Ran da ka gama, ka sa wa filas, ka kawo wa Baba shayi. Ya ce ranar zai ba ka amsa."

Game da jana'iza: gawar tana cikin leda a bayan matakala, domin Baba ba ya barin shara a hanya, ni ya sa na tsince ta guntu-guntu. Maƙwabta sun fara ƙorafi. Za a yi mata rakiya gobe da ƙarfe bakwai na safe, idan motar kwasar shara ta iso. Ba a buƙatar taro, ba a buƙatar jawabi, kuma duk wanda ya yi kuka ba da yawuna ba.

Za a yi zaman makoki a ɗakina har sai an ga abin da hali ya yi. Masu zuwa dariya su yi zamansu a gida. Amma duk wadda ta san yadda ake juya saƙa a ƙarshen layi, don girman Allah ta zo da wuri, domin layi uku na yi tun jiya, kuma abin ya fi kama da kunnen akuya. Akwai shayi ga baƙi, a kofin gilashi, kowa ya ga abin da yake sha.