Shingen da Abatcha Ya Manta Bai Yi wa Ƙofa Ba

"...lahiya lau, wushe. Amma wannan doguwar gaisuwa taka, me ka ɓata?" in ji Yagana, tana juya tattasai a tabarma.

Abatcha ya sunkuyar da kai. Shi ne mai kula da sarbar ƙungiyar manoman tattasai ta Diffa, na'urar da ke tura wa mutanen bakin Komadugu farashi kafin ranar kasuwa. Yagana kuwa taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, kuma ita ke riƙe da mabuɗin ofis. Ran sunan ɗanta, Abatcha ya cika baki gaban jama'a, wai daga kan tabarmarsa yake juya na'urar, ba ruwansa da mabuɗin kowa. To, yau Asabar, daga gida ya lalubo fayil ɗin katangar tsaro, ya rubuta dokar hana kowa shiga, ya manta bai ware kansa ba. Yana adanawa sarbar ta kore shi. In bai je gabanta ya gyara ba, saƙo ba zai fita ba, dillalai su saye tattasan mutane a banza. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Lakilen biro nake so," ya ce a hankali, yana nufin mabuɗin ofis.

"Ɗaga murya, kunnen uwargijiya ya tsufa. Ina tabarmar taka mai aiki da rezo, mai juya na'ura daga nesa?"

"Ke dai ba ni. Parfe ɗin ne, katangar tsaron nan, ya ɗan yi gardama."

"Ya yi gardama, ko ka yi shinge kana waje ka manta ƙofa? Ko akuyar Toumour ta san ta inda ta shiga garka."

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ke ba ke kika zuba sukari a miyar kuka ba?"

"Miyata gida ɗaya ta ɓata wa rai. Taka kwari guda za ta sha. Bari in kira shugaba Alkali ya taya ka nema."

Abatcha ya yi wuf ya hana ta, don Alkali ne ya tsaya masa aka ɗauke shi aiki. Ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Ta ce rufin asiri sai bawa ya san uwargijiyarsa, ai ɗan mace bawan 'yar namiji ne tun kaka da kakanni.

"Ni da difloma biyu?"

"Biyun ne suka kulle ka waje."

Ya dubi ƙofar gida, babu kowa. Ya durƙusa.

"Ni bawanki ne, ranki ya daɗe."

Ta kwance mabuɗin daga bakin zane ta miƙa masa. Har ya juya ta kira shi, ta ɗauko dutsen da ta danne tabarma da shi, ta ɗora masa a hannu.

"Wannan fa?"

"Kyauta. Ka tokare ƙofar biro da shi. Wanda ya kulle kansa waje da safe, ban yarda ba zai kulle kansa ciki da rana ba."

Dariya ta ƙwace wa Abatcha.

"Kin ci, Yagana," ya ce, ya sa dutsen a aljihu.